Dutsen Washin da Ya Sha Baƙin Mai

Taubashina, ɗan goggona, shi ya ɗauke mini dutsen washi, ya kai shi inda ban aike shi ba, ya kashe shi, sannan ya zo ya tsaya a tsakiyar rumfar mahauta yana dariya ya ce wai wasa ne. Shekaru sun ja, gemuna ya fara furfura, na manta fuskokin mutane da yawa da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma wannan ba zan manta da shi ba har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Na san wani zai karanta ya ce ga ƙato da iyali yana ƙorafi a kan dutse. Ya faɗa. Bai taɓa riƙe dutsen a hannunsa ba.

Mu mahauta ne a Talata Mafara, kaka da kakanni. Ni kuwa Allah ya yi ni bahago. An ɗaure mini hannun, an ƙwala masa ludayi, an kai ni boko malam ya ƙara nasa da rula, duk a banza. Aji huɗu na tsaya, da ɗan rubutun nan da kuke gani. Da na dawo rumfa mahaifina ya ce ba za a ba bahago wuƙar yanka ba, mutane ba za su ci naman da daɗin rai ba. Sai ya nuna mini wani tsohon dutse da ke gindin rumfa ya ce to ga nawa aikin, in riƙa wasa wa 'yan'uwana wuƙaƙe. Shi a ganinsa ya ajiye ni gefe ne don kada in ba shi kunya. Ni kuwa a nan na gamu da abin da ya shige mini rai.

Wanda bai sani ba gani yake duk dutse ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kowane da aikinsa, kowane da muryarsa. Ina da wani ja mai garaje da na tono a wajen Ruwan Gizo, shi minshari yake yi, yana cin ƙarfe kamar yana jin yunwa, sai wuƙar da bakinta ya ɓalle ake kai masa. Ina da wani fari-fari mai laushin yashi daga wani rafi a Morai, shi ke share tabon da jan ya bari. Akwai wani guntun dutsen niƙa da na roƙa wurin wata tsohuwa a Garbadu, ta ba ni tana kallona kamar mai taɓin hankali. Duk inda aka aike ni kora shanu, idona na ƙasa, in dawo aljihuna ya yage. Na sayi kwatarniya babba na cika da ruwa na jera su ciki, domin dutsen washi sai ya sha ruwa ya ƙoshi, ya daina fitar da kumfa, kafin a ɗora masa wuƙa. Da na yi aure matata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake ba duwatsu ruwa kafin a ba awaki ba.

Duk da haka na san akwai wanda ba ni da shi. Duwatsuna suna kawo wuƙa bakin ƙofa ne su tsaya. Tana yanka, amma sai ka danna mata. Ina neman na ƙarshe, wanda zai sa wuƙa ta shige da kanta.

Taubashin nawa ya girme ni da shekara guda. Baki gare shi kamar zuma, amma bai taɓa zama a sana'a ɗaya ya ga ƙarshenta ba. Da aikin dam ɗin Bakolori ya zo, ya shiga lebura. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka bawana nake kiransa, shi kuma ya ce da ni Bahago mai duwatsu. Kun dai san wasan taubasai. Ya sha fizge mini hula ranar salla, ya ɓoye mini takalmi a ƙofar masallaci, har kekena ya taɓa hayewa ya wuni da shi. In bi shi da goro in fanshi kayana, a yi dariya a watse. Ni ma ina yi masa. Ba a fushi da taubashi, da haka muka tashi, kuma wallahi a lokacin ina son mutumin nan.

Wata Talata, ranar kasuwa, wani tsohon wanzami daga wajen Maradun ya yi mini aski. Ya gama ban san ya fara ba. Na shafa kaina na ji sumul, ko yaushi babu. Na ce baba, don girman Allah nuna mini abin da kake wasa askar nan da shi. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ya yi kanta, ya gane ba tambayar banza ba ce. Ya sa hannu a zabira ya fito da wani ɗan siririn dutse kamar yatsu biyu, baƙi-baƙi mai ratsin kore, ya sha aiki har ya kusa zama faifai. Ya ce na ubansa ne. Na tofa masa yawu na goga 'yar wuƙar aljihuna. Babu minshari, babu ƙara, sai wani sii, sii, kamar mutum yana raɗa. Na ɗora bakin wuƙar a farcena sai ta kama ta tsaya cak.

Tsohon ya kwatanta mini wurin. Gaba da Maradun, inda gulbi ya yi kwana, ƙarƙashin wata babbar giyayya. Ya ce sai da bazara dutsen ke fitowa, in ruwa ya ja baya sarai. Yana ɗaure zabirarsa ya ƙara da cewa, “In za ka tahi, ɗana, tahi bana. An ce Turawan ga za su tare gulbi.”

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na je na sami taubashina na ce bawana, yau kana da rana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yi mini hanya. Ya san wani direban tifa da ke ɗebo yashi ta wannan gefen, ran Juma'a da sassafe muka haye baya, ni da guduma da wani ƙarfe mai baki da na aro a maƙera, shi da buhun mangwaro.

Ban taɓa ganin abin da na gani a hanyar nan ba. Katafiloli suna ture itatuwa kamar ana cire kara. Ƙasa ta tashi ta yi tudu inda da fili ne, motoci kamar tururuwa, Turawa jajaye da gajerun wanduna suna ta nuni da hannu. Muka wuce mutanen ƙauye suna tashi, maza shida shida ɗauke da jinkar ɗaki a ka, mata da tukwane, wata tsohuwa zaune a kan ƙunshin kayanta ta juya baya ga hanya tana kallon inda ta baro. Allah ya yafe mini, a ranar ban ga ko ɗaya daga cikinsu da zuciyata ba. Ina tsaye a bayan tifa iska na dukana ina waƙa, dutse kawai nake gani. Sai daga baya tsohuwar nan ta riƙa dawo mini.

Direban ya sauke mu a bakin gulbi ya ce zai biyo da la'asar. Muka bi yashi, rana na dukan ƙeya, ƙafa na nutsewa. Taubashina yana ta mita wai ya bar hutunsa ya biyo mahaukaci. Can sai ga kwanar, sai ga giyayyar. A ƙarƙashinta wani baƙin abu ya fito daga yashi, dogo, mai santsi, kamar bayan dorina. Ban san lokacin da na yar da takalmina na sheƙa da gudu ba. Na durƙusa, na ɗebo ruwa a wani ɗan gurbi na zuba, na goga wuƙa. Sii, sii. Wani kunu toka-toka ya taso a ƙarƙashin ƙarfen, mai laushi kamar kindirmo. Na tashi na yi tsalle, na yi kabbara, na faɗa cikin gurbin da kayana.

Shi yana inuwa yana tsotsar mangwaro. Ya ce, “Bahago, in zinari na, hwaɗa mani in taso. In ko dutsi na, ka gaishe shi.”

Dutsen hawa-hawa yake kamar an jera faranti. Sai ka nemi layin, ka kafa ƙarfe, ka riƙa bugu a hankali kana bin layin, kana sauraro. In ka yi gaggawa ya tarwatse. Na tarwatsa da yawa. Tun hantsi nake bugu har tafina ya fashe, amma ban ji zafi ba, dariya nake ni kaɗai. Kafin la'asar na ɓamɓaro guda uku masu kyau. Na roƙe shi ya ɗaukar mini ɗaya ya ce shi leburan Turawa ne, ba leburan bahago ba. Na tuɓe rigata na naɗe biyu na rungume, na ɗora ɗaya a ka. Wanda ke kaina ya zame wajen hawa tifa ya rabu uku. Na biyu ashe da jijiya a cikinsa, ya tsage ina cikin gyara. Saura ɗaya. Tsawonsa taƙi ɗaya da rabi, faɗinsa kamar tafin hannu, da wani ratsin kore da ya bi ta tsakiyarsa.

Na yi kwana da kwanaki ina gyara masa fuska. In zuba yashi da ruwa a kan wani falalen dutse a bayan gidanmu, in kifa shi in yi ta zagayawa, in wanke in duba, in sake. Ranar da ya kwanta sumul, wuƙar da na fara ɗora masa ba ta fawa ba ce. Ta matata ce, 'yar ƙirar maƙera da take yanka kuɓewa da albasa, wadda ta dakushe har sai ta haɗa da farce. Na bi da ita ta kan ja, na bi ta kan fari, har na ji ɗan siririn gashin ƙarfen nan ya tashi a bayan kaifin, wanda babban yatsa kaɗai ke jinsa. Sannan na kawo ta kan baƙin. Ba a danna masa. Nauyin wuƙar kawai, kamar za ka yanko wa dutsen ɓawo, kuma ba a wanke kunun, shi ke aikin. Na share ta a fata na miƙa mata. Ta ɗora a kan albasa, kafin ta danna, wuƙar ta isa faranti. Ta ja da baya ta yi salati. Ta yanka albasa uku idonta bai kawo ruwa ba. Daga ranar ita ke canza wa kwatarniya ruwa.

Kafin wata biyu labari ya gama unguwa. Matan gidaje suna aiko da wuƙaƙensu a naɗe cikin tsumma. Wani mai kilishi da na wasa wa tasa ya shimfiɗa nama ya ɗaga shi sama, muka hango hasken rana ta ciki, ya rantse tun da yake bai taɓa fere irin wannan ba. Da layya ta zo sai da aka yi layi a ƙofar gidanmu. Mahaifina, wanda ya ajiye ni gindin rumfa, ya zo da kansa da wuƙar yankansa, ya ajiye ya tsaya. Ranar na ji ni ma mutum ne.

Ban taɓa bari wani ya ɗora masa wuƙa ba, kuma da dalili. Dutse yana koyon hannun mai shi. Shekara guda ina binsa da hagu, sai ya yi ɗan kwarmi a karkace, daidai yadda hannuna ke tafiya. Ni in na ɗora wuƙa faɗawa take cikin hanyarta. Na-dama in ya ɗora, bakin wuƙar hawa gefen kwarmin zai yi, maimakon kaifi ya sami dakushi. Na sha faɗin haka a rumfa, taubashina yana wurin, yana cewa in daina yi wa dutse kirari.

Na so in koma in ƙaro. An ce mini an rufe dam, ruwa na taruwa, na ce to, bari bazara ta zo. Ai tun kakanninmu gulbi cika yake da damina ya janye da rani. Ban taɓa jin ruwan da ya zo ya ƙi tafiya ba. Wannan wautar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba.

Bazarar na shigowa sai ga kukun sansanin Turawan, wani ƙaton mutum mai fara'a da ke zuwa sayen nama duk Talata. Ya ga ina aiki ya tsaya. Ya ce wuƙaƙen kicin ɗinsu sun mutu, an kai su injin gareji ya ƙone musu baki har sun yi shuɗi. Ya koma mota ya ɗauko su a naɗe cikin wani farin ƙyalle. Kai, ban taɓa ganin irinsu ba. Dogaye, masu walƙiya, ƙarfen yana amsawa in ka ƙyasta shi. Na zaɓi babbar na zauna da ita, mahauta suka bar nama suka kewaye ni. Da na gama kukun ya karɓi tumatir a wurin wata mai talla, ya riƙe shi a sama ya ja wuƙar sau ɗaya. Yankan ya faɗo kamar ganye. Ya yi ta yi yana ƙyalƙyata dariya har tumatirin ya ƙare. Ya ce in zo sansani ran Alhamis da dutsena, Baturen kicin zai so ya ga hannuna, kuma suna neman mutum na dindindin.

Taubashina yana zaune a bencinmu yana cin tsire. A lokacin an sallami leburori da yawa, har da shi. Ya ji komai. Har ya dafa kafaɗata ya ce ni ubangidansa zan zama Bature.

Ran Laraba mahaifina ya tafi da ni Bakura sayen sa. Na ce masa ina da alkawari, ya ce za mu dawo a ranar. San da muka saya ya gurɗe a hanya, ba mu iso gida ba sai Alhamis da la'asar. Ko ruwa ban sha ba na nufi kwatarniya. Ja na nan, fari na nan, baƙi babu. Matata ta fito tana murmushi ta ce bawana ne ya zo tun jiya da safe ya ɗauka, ya ce in je in fansa. Me za ta yi? Taubashi ne. Ita ma ta sha ganin ya ɗauki hulata.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ni ma dariya na yi. Na je na sayi goro, manya farare, na nufi gidan goggo ina shirya zagin da zan yi masa. Goggo ta tare ni da murna ta ce ai ɗan'uwana ya sami aiki a kicin ɗin Turawa, can ma zai riƙa kwana. Goron ya zube mini a ƙasa.

Washegari na je ƙofar sansanin. Maigadi ya ce ba a shiga sai da takarda. Na ce a kira mini shi, aka dawo aka ce yana aiki. Na koma kashegari, na sake komawa. Ba aikin nake bi ba, Allah ya sani. Ya riƙe aikin. Ina so in ce masa ne kawai kada ya danna, kada ya bar shi a rana, ya mayar da shi ruwa. Bai fito ba.

Talata ta biyu kukun ya zo, babu fara'ar nan. Ya ce wane irin mutum na aiko masa. Ashe taubashina ce masa ya yi ba ni da lafiya, kuma shi ne ma ya koya mini washi. Ya ɗora wuƙa da dama, ta ƙi. Ya danna, ta ƙara dakushewa. Ya ɓata uku. Da ya ga ido ya yi masa yawa sai ya zaga gareji, ya ga makanikai suna ɗiga mai a kan nasu dutsen na kanti, ya ce ashe sirrin ke nan. Ya ɗebo baƙin mai na mota ya kwarara wa dutsena. Dutsen da ya saba shan ruwa ya shanye shi tas. Fuskar ta toshe, wuƙa sai zamewa take kamar a kan kwalba. Ya wanke da sabulu, bai fita ba. Sai wani ya ba shi shawara ya ƙone man. Ya tura shi cikin garwashin murhun kicin. Kukun ya ce yana juya miya ya ji tau, kamar an harba bindiga.

Ya miƙo mini wata takardar siminti a dunƙule. Na buɗe. Gida biyu, baƙi ƙirin, yana warin gareji, fuskar duk ta yi zane-zanen tsagewa. Ratsin koren nan sai da na kankare da farce na gan shi. An kori taubashina tun kwana uku, ya ɓuya a gidan abokinsa.

Na ɗauki gudumata na hau motar Maradun, ina ce wa kaina ba komai, bazara ce, uwar dutsen na nan. Har na fara jin ɗokin nan na bara yana dawowa, ina lissafin wannan karon biyar zan ɓamɓaro. Na sauka na bi hanyar da na sani, sai hanyar ta shige cikin ruwa. Na tsaya. Inda muka taka yashi bara, ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Wani masunci ya ɗauke ni a jirginsa, na kwatanta masa kwanar da giyayyar. Ya yi ta tuƙi, can ya tsaya kusa da wasu busassun rassa da suka leƙo sama kamar yatsu. Ya ce ga kan giyayyata nan. Ya zura gwangwalarsa har ta ƙare, ya ƙara da hannunsa har kafaɗa, bai taɓa ƙasa ba. Na tambaye shi yaushe ruwan zai janye. Ya dube ni ya ce garinsu ma yana ƙarƙashinmu, da kabarin uwarsa.

Kunya ta kama ni. Mutane sun rasa gonaki da gidaje, wasu sun rasa abin da ya fi haka a shekarun nan, ni na zo da guduma ina neman dutse. Na sani. Amma ruwa bai san ni ba, bai ci goro a hannuna ba. Wanda ya yi mini nawa ya san ni.

Da na dawo, gida ya rabu. Goggo tana kuka wai zan raba zumunci. Mahaifina ya ce ba a shari'a da taubashi, in haƙura. Sarkin fawa ya ce a tara mu a rumfa bayan an tashi kasuwa a kashe maganar. Aka taru, dattawa a kan benci. Sai ga taubashina ya shigo da sabuwar hula, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali da gajiya, sannan ya juyo gare ni da dariyar nan tasa.

“Haba ubangidana, wasa na niy yi. Dutsi ai dutsi na.”

Ya fito da wani dutsen kanti a kwali, mai fuska biyu, ya ajiye a gabana ya ce ga na zamani, bawa ya fanshi kansa. Dattawa suka yi dariya, irin ta mutanen da ke so a gama su tafi gida. Kowa ya zuba mini ido in yi tawa dariyar.

A wannan zaman na koyi abin da nake gaya wa 'ya'yana yau. Al'ada riga ce, mutumin kirki yana sa ta, macuci ma yana sa ta, kuma in ya sa, mutane rigar za su duba, ba za su dubi abin da ya yi ba. Wasa yana da iyaka, iyakarsa kuwa abin da za a iya mayarwa. In ka ga mai wasa da kai ya fara kallon abin da ba ka da biyunsa, to ɗauke shi daga gabansa tun kuna dariya. Har yau ina washi, duwatsuna sun fi na da yawa, har daga nesa ake kawo mini wuƙaƙe. Ban sake jin sii ɗin nan ba. Shi kuma yana nan da ransa, muna haɗuwa a jana'iza da suna.

Ban taɓa kwalin ba. Na kwance takardar simintin, na ɗauki rabi ɗaya na sa a aljihu, na tashi na kama hannunsa na dama, wanda ya yi aikin, na danƙa masa ɗaya rabin na rufe yatsunsa a kai.

Na ce, “Kaɗ ɗauki hulata niy yi dariya, don kasuwa cike take da huluna. Wanga ko tare munka tahi, kana zaune kana shan mangwaro nib ɓamɓaro shi da jinin hannuna, kuma ka hi ni sanin ruwa ya rufe wurin, da hannunka anka tare gulbin. Riƙe wanga rabi. Ran da ka haɗa shi da nawa ya koma guda, zo ka ɗauki hulata. Kahin nan, sallama ta Musulunci, in ka yi in amsa. Amma kak ka sake ce mani taubashi.”